Geltar da Ta Yi Albarka

Sabuwar salka tana da warinta. Fata ce da bagaruwa, da ɗan man da ake shafa wa ɗinkin don kada ya yi yoyo, kuma ruwan da ya kwana a ciki yakan fito da launin shayin da aka ƙara wa ruwa sau uku. Ranar farko baƙi sukan yamutsa fuska su koma ga ruwan roba. Kafin rana ta huɗu su ne ke miƙo kofi, saboda salkar da aka rataya a gefen raƙumi iska tana bugunta, ruwanta da sanyi ko da rana ta take. Wannan warin na fara sani a aikina, tun kafin in san sunan dutse ko ɗaya.

Ni tafinta ce a ayarin raƙuma, nan Tamanrasset. Shekara takwas ke nan ina yi. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, 'yan matan unguwarmu ne da ke biyo ni shagon babana suna nuna mini hotunana a waya. "Yaya Rakiya, ke kam kin huta, yawo kawai kike yi." Ɗaya ta ce ita ma tana jin Faransanci, ta ma fi ni, a saka ta. Na yarda ta fi ni. Amma zan ba ta labarin tafiya ɗaya. In ta karanta ta ce har yanzu tana so, ni da kaina zan kai ta buro, wato ofishinmu.

A nan aka haife ni. Iyayena mutanen Damagaram ne. Na yi lekkol, wato makarantar boko, da Larabci da Faransanci, Hausa kuwa a gida nake jinta, da wurin samarin da ke aikin gini a unguwar Gataa El Oued in sun zo sayen shayi. Da na gama karatu ina zaune, sai wani mai ajans, wato mai shirya wa baƙi tafiya, ya zo wurin babana. Yana da baƙi mata daga arewa, daga Alger da Oran, da ba sa son fita daji ba tare da mace ba. Kuma madugunsa tsoho ne daga wajen Agadas, Tamashek da Hausa kawai yake yi, Larabcinsa bai wuce gaisuwa ba. Babana ya ce a'a sau biyu. A na uku ya yarda, saboda mai dafa abincin ayarin ƙanen mamana ne, Kawu Sule.

Madugun sunansa Baba Gumur. Ranar da aka kai ni wurinsa yana zaune yana gyaran akala. Bai ɗago ba.

"Ke ce 'yar lekkol?"

"Ni ce, Baba."

"Kin iya tafiya?"

Na ce na iya. Kawu Sule ya yi dariya har da buga cinya. "Daga ɗaki zuwa shago, Baba. Wani lokaci har ta dawo a rana ɗaya."

Aikin farko da aka ba ni ba fassara ba ce. Ruwa aka damƙa mini. Salka shida, bido huɗu, wato jarkoki masu lita ashirin, guga na fata, igiya mai tsawon gaba goma sha biyar. Kowace safiya sai na taɓa kowace salka da hannu, na ɗaga kowane bido, na faɗa wa Baba Gumur abin da ya rage. Shi kuma da wannan yake ɗaura kaya, don kayan raƙumi dole gefen dama ya yi daidai da na hagu, kuma ruwa kullum raguwa yake yi. In aka yi sakaci gefe ɗaya ya rinjaya, sirdi ya goge bayan dabba, nan da kwana biyu an yi gyambo, raƙumin ya fita daga aiki har wata guda. Ɗaurin kaya yana cin awa ɗaya da rabi kowace safiya, raƙuma suna ta gurnani kamar ana yanka su. Ba wanda yake ɗaukar hoton wannan.

Tafiyar ita kanta ba gudu a cikinta. Raƙumi mai kaya yana tafiyar mutumin da ba ya sauri, mu kuma muna binsa a ƙasa. Abin da katkat, motar shiga sahara, take cinyewa kafin azahar, mu kwana tara muke yi a kansa. Baƙi sun san haka, don haka ma suka zo, amma kwana biyun farko jikinsu bai sani ba. Suna duba agogo. Suna ɗaga waya sama ko za ta kama. Suna tambayata kilomita nawa ya rage, in tambayi Baba, ya ce, "Gaban wancan baƙin dutsen." Dutsen yana nan kamar za ka taɓa shi, a yi yini ba a kai ba. A rana ta uku surutu yakan ragu. Wata ta tsaya ta duƙa tana kallon sawun ƙadangare a rairayi. Wata ta lura dutsen da ya yi ja da safe ya koma shuɗi da la'asar. Daga nan aikina yakan yi daɗi, domin sun fara tambayar abin da ke gabansu.

Hanyar tsohuwa ce. Ta nan ayarin gishiri yake bi daga Amadror, ya sauka kudu har Damargu, ya sauke gishiri ya ɗauko gero. Akwai wuraren da dutse ya yi sulɓi kamar cikin ƙwarya saboda tafin raƙuma. Akwai masallatai da ba su da bango, duwatsu ne kawai aka jera a ƙasa da ɗan lanƙwasa wajen gabas, kuma Baba Gumur ba ya taka ciki da takalmi. Akwai rubutun Tifinag na masu jin Tamashek a jikin falalen dutse, wani ya rubuta sunansa, wani ya rubuta sunan wadda ya bari a gida. Baba yana karantawa da yatsa, ya faɗa mini da Hausa, ni in juya wa baƙi. A kakar aikina ta farko nakan ƙawata. In ya ce, "Wani ya wuce nan," ni sai in ce, "Wani matafiyi mai kewar gida ya bar alamarsa a nan." Baƙi suna jin daɗi. Na ɗauka aikin ke nan.

A kaka ta biyu muka fita da mata shida, za mu bi ta Hirafok mu ƙare a Idlès. Cikinsu akwai Madam Nadiya, likita daga Alger, da mahaifiyarta Hajiya Zuhra, mai shekara kusan saba'in. Hajiya ta ce kakanta fatake ne, tun tana yarinya take jin sunan hanyar nan, tana so ta taka ta da ƙafarta ko sau ɗaya. Mu tara ke nan da ni da Baba da Kawu, raƙuma bakwai.

Rana ta biyar da hantsi, ƙafar Hajiya ta yi bororo, na tsaya da ita a baya ina sa mata auduga. Ayarin ya yi gaba ya sha kwana. Muna nan sai ga awaki sun gangaro, bayansu wata mata da baƙin mayafi da sanda. Ta gaishe mu da Tamashek, ta dubi fuskata, sai ta juya harshe.

"Sannu, 'yar Hausa. Ina zuwa?"

Hausarta gajera ce, amma a fili. Na ce Hirafok, ta wajen gelta. Gelta kwarmin dutse ne da ke riƙe ruwan sama, wani yakan kai shekara bai bushe ba, kuma a wannan muke sa ran cika salkunanmu washegari.

Ta girgiza kai kaɗan. "Gelta ta yi albarka."

Na ce, "Alhamdu lillahi."

Ta sake dubana. "Ta yi albarka, 'yar Hausa."

Na yi mata murmushi, na gode, na ba ta dabino cikin hannu. Hajiya Zuhra ta ɗaga waya za ta ɗauki hoto, matar ta ja mayafi ta rufe fuska, ta kora awakinta ta hau tudu.

Mun tarar da ayarin yana jiranmu inda busasshiyar ƙorama ta rabu biyu. Hannun hagu yana zuwa wata rijiya, amma zagaye ne, yana ƙara yini ɗaya. Hannun dama yana zuwa gelta kai tsaye. Baba Gumur ya ga awakin daga nesa.

"Kin yi magana da mai awaki?"

"Na yi, Baba."

"Ta ce wani abu a kan ruwa?"

"Ta ce akwai ruwa sosai a gelta."

Ya ja akala ya bi dama.

Da la'asar, da muka sauka, matan suka kewaye ni. Kwana biyar ba wanka, gashi ya cika da rairayi. Tunda gobe akwai ruwa sosai, ba za a ba su kaɗan ba? Ruwa a hannuna yake. Na ba su bido ɗaya, sannan na ƙara rabin wani. Suka shiga bayan dutse suna ihu suna dariya kamar yara, ƙamshin sabulu ya cika zangon. Kawu Sule ya dafa makaroni, wanda yake cin ruwa, ya wanke tukwane fes. Ni ma na wanke kaina.

Mun isa gelta washegari kafin azahar. Tun daga nesa Baba ya rage tafiya. Ya ce ba tsuntsu. Da muka leƙa, laka ce ta tsattsage kamar tsohon kasko, da kashin jaki busasshe, da ƙudan zuma 'yan kaɗan suna neman danshi a tsagar dutse. Baba ya sauka ya tona da hannu har gwiwar hannu, Kawu ya karɓa da kwano ya ci gaba har ƙugu. Ƙasa ta ɗan yi duhu, shi ke nan.

Baba ya fito ya kakkaɓe hannu. Bai ɗaga murya ba.

"'Yar lekkol. Me matar nan ta ce?"

"Ta ce akwai ruwa."

"Ba abin da kika ji na tambaya ba. Me ta ce, da bakinta?"

Na tsaya na tuna. "Ta ce gelta ta yi albarka."

Kawu Sule ya ajiye kwanon. Ya ce, "Innalillahi. Rakiya!"

"Sau nawa ta faɗa?" in ji Baba.

"Sau biyu."

A nan aka yi mini karatun da lekkol ba ta yi mini ba. Mutanen hanya ba sa cewa ruwa ya ƙare, ko gari ya ƙare, ko rijiya ta ƙafe. Ba a kiran rashi da sunansa a wurin da zai iya kashe mutum. Sai a ce abin ya yi albarka, wato ya gama amfaninsa, ya tafi. Ni albarkar da na sani ita ce yalwa. Matar ta faɗa mini gaskiya, ta maimaita, ni na ɗauki maganar na gyara ta yadda na fahimta, na kai wa madugu gyararriyar.

Na ɗaga kayan ruwa ɗaya bayan ɗaya. Bido ɗaya cike, salka ɗaya rabi. Mutum tara. Komawa rijiya kwana biyu ne, Hirafok ma kwana biyu. Muna da wayar tauraro, Baba ya sa na kira mai ajans, amma mota ba ta shiga waɗannan duwatsu. Iyakar inda za ta tarye mu shi ne bakin Hirafok ɗin.

Baba ya ce, "Tara su ki faɗa musu. Yadda yake. Kada ki ƙara, kada ki rage."

"Har da ni ce na yi kuskuren?"

"Ke ce ba ki yi ba?"

Na tara su a inuwar dutse na faɗa, da Faransanci, sannan da Larabci saboda Hajiya. Ban taɓa yin fassara mara ado irin wannan ba. Wata ta fara kuka. Wata ta ce a gabana za ta kai ƙara buro. Madam Nadiya ta ɗaga hannu aka yi shiru.

"Tambaye shi, lita nawa kowa zai samu a yini?"

Baba bai san lita ba. Ya ɗauko ƙaramin kofin shayi ya nuna, ya ce goma sha biyu, tsohuwa ta sha goma sha shida. Likita ta yi lissafi a ranta. Ta ce zai yi wa masu lafiya in ba a yi tafiyar rana ba, amma mamanta tana shan maganin hawan jini mai sa fitsari, za ta dakatar da shi. Sannan ta ce, "Tambaye shi, ya taɓa fita daga irin wannan?"

Na tambaya. Ya ce, "Sau uku." Na ce mata, "Sau uku." Ban ƙara komai ba.

Yadda ake tafiyar ƙishirwa, ga shi. Ana tashi da asuba a ɗaura kaya, a yi tafiya har rana ta kai tsawon mashi biyu, a nemi inuwar dutse a kwanta. Ba magana sai dole. Ana rufe baki da hanci da mayafi don numfashi kada ya tafi da danshi. Ba dabino, ba sardin, ba abu mai gishiri. Kawu ya kwaɓa gari da ruwa kofi uku ya gasa gurasa cikin rairayi mai zafi, wadda ake ce wa tagella, muka ci da tumatirin gwangwani saboda romonsa. Ba a wanke komai, rairayi ake goge kwano da shi. Alwala ta koma taimama. Da rana ta karkata a sake tashi har magariba. Ni ce mai kofi. Ina zubawa a hankali, ina kiran suna, kowa yana kallon hannuna.

Kawu Sule kaɗai ya ƙi yin shiru. Yana wucewa ta kusa da ni ya ce ƙasa-ƙasa, "Ba komai, ɗiyata. Duk wanda ya tsince mu zai ce, kai, waɗannan gawarwaki da tsabtar gashi suke."

"Kawu, don Allah."

"Makaronin ma ya yi daɗi. Ni ma da hannuna a ciki, kada ki cinye laifin ke kaɗai, ki bar mini kaɗan."

Hajiya Zuhra muka ɗora a raƙumi, ita da ta zo don ta taka hanya da ƙafa. Da yammacin ranar farko leɓɓanta sun tsage. Washegari da safe ta kira ni da sunan wata ƙanwarta da ta rasu. Madam Nadiya tana tafiya gefen raƙumin, hannu ɗaya riƙe da idon sawun uwarta, tana duba bugun jini. Na ga ta zuba kofinta cikin na uwar. Na ɗauke kai, na ƙara mata daga nawa a zagaye na gaba, ta gani, ita ma ta ɗauke kai. Bidon ya koma rubu'i, kuma da sauran yini ɗaya da rabi.

Wajen hantsi, inda wata ƙaramar hanyar awaki ta gangaro daga dutse ta haɗu da ƙoramar, Baba ya tsaya. A reshen wani itacen ƙaya akwai salka biyu a rataye, baƙaƙe, cike, har jikinsu yana naso. An ɗaure bakinsu da igiyar gashin akuya. Ba kowa a wurin. Baba ya zagaya itacen yana kallon ƙasa, ya bi sawu da ido har kan tudu, ya dawo. Ya kwance ɗaya ya ɗanɗana, ya ce, "A fara ba tsohuwa tukuna."

Na ce, "Baba, na wane ne?"

"Na wanda ya rataye."

"To in yana buƙata fa?"

"Wanda yake buƙata ba ya ratayewa a kan hanya, bakin salka yana kallon inda muke fitowa. Zuba."

Muka juye ruwan cikin namu. Baba ya mayar da salkunan reshensu, ya ƙulle shayi da sukari da garin alkama cikin wani ƙyalle ya ɗaura a gefe. Kawu ya hura wuta ya dafa shayi, karo na farko cikin kwana biyu. Hajiya ta sha ruwa da sukari da ɗan gishiri da 'yarta ta haɗa, ta yi barci, ta farka ta tambaya me ya sa aka ɗora ta a kan wannan mugun dabba. Washegari da la'asar muka hango korayen lambunan Hirafok. Ta sa aka durƙusar da raƙumin, ta sauka, ta shiga garin da ƙafarta.

Ban yi zaton zan sake fita ba. Da muka koma Tamanrasset mai ajans ya kira mu buro, takardar ƙara tana gabansa. Ya yi wa Baba tambaya, kuma ni ce zan fassara, don ba wani. Baba ya ce, "Yarinyar ta kawo mini magana ba yadda aka ba ta ba. Ni kuma na karɓa ban tambayi asalinta ba, na ɗauki mutum tara na bi dama. Ita shekararta biyu a hanya, ni arba'in." Na juya shi Larabci kalma bayan kalma. Mai ajans ya ce to yanzu me yake so a yi. Baba ya ce, "In ka kawo mini wata, sai ta yi nata kuskuren tukuna. Wannan ta riga ta yi." Haka na zauna.

Tun daga ranar na canza yadda nake aiki. In makiyayi ya yi magana a kan ruwa, ko hanya, ko ciyawa, ina kai wa madugu kalmominsa yadda suka fito, ko da ban gane ba, musamman ma in na ɗauka na gane. Ina faɗin sau nawa ya faɗa, da inda yake kallo. Na daina yi wa rubutun dutse ado. In Baba ya ce wani ya wuce nan, haka nake cewa, kuma na lura baƙi sun fi daɗewa a tsaye gaban dutsen. Ruwan wanka kuwa, sai na ga gelta da idona, na sa hannu ya jiƙe.

Sai shekarar annoba ta zo, aka rufe hanyoyi. Kaka biyu ba baƙo ko ɗaya. Raƙumi ba ya jiran a buɗe iyaka, ci yake yi kullum. Baba ya sayar da huɗu cikin bakwai, ya tafi da sauran daji wajen danginsa. Kawu Sule ya koma dafa wa magina shinkafa da wake a Gataa El Oued. Ni na koya wa yaran maƙwabta Faransanci a zaure. Salkunan suna rataye a ɗakin ajiya, kuma salkar da ba a zuba wa ruwa bushewa take yi ta tsage. Duk wata nakan je in jiƙa su in shafa musu mai. Biyu kawai suka tsira. Da aka buɗe, Baba ya dawo ya rame, idonsa ɗaya ya yi fari, amma ya ce hanya ba da ido kaɗai ake ganinta ba, ya ƙara kaka biyu kafin ya miƙa akala ga ɗan ƙanensa.

Bara muka sauka Idlès a ƙarshen wata tafiya, aka gayyace mu suna a wani gida kusa da lambuna. Ina zaune cikin mata ana zuba shayi, wata tana ta kallona daga ƙarshen tabarma. Can ta taso ta zauna kusa da ni.

"'Yar Hausa mai dariya," ta ce.

Sunanta Lalla. Ban gane fuskarta ba, muryar na gane. Ta ce ranar nan bayan ta hau tudu abin ya tsaya mata a rai. An ce wa mutum gelta ta yi albarka, ya yi dariya ya ba ka dabino? Ta leƙo daga sama ta ga mun bi dama. Ta mayar da awaki wurin 'yarta, ta ɗauki jaki ta je rijiya, ta cika salkunan gidanta biyu, ta haye dutsen ta hanyar awaki, yini ɗaya da rabi, ta rataye. Ba ta jira mu ba saboda ta bar jariri a tanti. Ta ce shayin da muka ƙulle ya yi kyau, amma sukarin ya yi kaɗan.

Na riƙe hannunta na daɗe. Sannan na tambaye ta abin da ya daɗe yana cina. Me ya sa ba ta ce mini babu ruwa ba, kai tsaye?

Ta yi mamaki. "Da Tamashek zan faɗa, da na faɗa yadda muke faɗa. Amma ke 'yar Hausa ce, sai na yi miki taku."

"Tamu?"

"Taku mana. Babana yana kai gishiri Damargu. Gidan da yake sauka, in rumbu ya ƙare, matan ba sa cewa ya ƙare. Can ya ɗauko maganar, tare da gero ya kawo mana ita."

Da na dawo gida na sami mamana tana tankaɗe, na tambaye ta. Ba ta ko tsaya ba. Ta ce, "Haka kakarki take cewa, har ta rasu ban taɓa jin ta ce abu ya ƙare ba. Ni ce na bari da muka zo nan, don ba mai ganewa."